Waƙar Umma a Motar Kamfe

Babanmu mawaƙi ne, kuma a duk waƙoƙinsa guda ɗaya ce bai taɓa kaiwa situdiyo ba, wadda ya yi wa Umma tun suna saurayi da budurwa. Ba kiɗa, ba 'yan amshi. A ƙofar kicin yake rera ta idan ya yi laifi, Umma tana wanke-wanke tana cewa ya matsa ya tare mata haske, alhali kowa na ganin murmushinta.

Sai zaɓe ya zo. Wani ɗan takara ya aiko yana son waƙa da gaggawa, kan Baba kuwa ya ƙi kawo sabon kari. Mawaƙa suna da wata dabara: idan an ƙure su, sai su ɗauko tsohon kari su ɗora masa sababbin baitoci. Baba ya ɗauko waƙar ƙofar kicin, ya cire Umma, ya sa Onarabul ɗan takara. Wai aro ne, da an gama zaɓe zai mayar. Umma ta ce to, ta ci gaba da kife kwanukanta.

Waƙar ta karɓu har ta wuce misali. Motar kamfe, shagon aski, rumfar cajin waya, ko'ina ita ce. Baba ya rera ta a filin taro har muryarsa ta dushe. Kai ya kumbura, ya riƙa yi mana lacca cewa waƙar soyayya mutum ɗaya take motsawa, ta siyasa kuwa gari guda. Onarabul ya sha ƙasa, ya sauya jam'iyya, ya sauya lambar waya. Baba bai sake tsayawa a ƙofar kicin ba, kunya ta hana shi.

Bara Umma ta kwanta asibiti. Mantuwa ta ci ƙarfinta, har ni takan tambaya 'yar gidan wa ce. Wata rana da hantsi ina goge mata hannu, sai ta ƙura wa Baba ido, ta gane shi.

"Malam, yi mini waƙata," ta ce.

Baba ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Baitin farko ya fito lafiya lau. A na biyu harshensa ya zame, sai ga tituna da ruwan famfo. Ya tsaya, ya koma farko, ya sake faɗawa wuri guda. Matar da ke gadon kusa, da zuciya ɗaya, ta kama amshin Onarabul, mai shara ta jingine tsintsiya ta taya ta. Baba ya dube ni ko zan tuna masa. Ni kuwa ina yarinya a zamanin ƙofar kicin, ta kamfe na haddace kamar kowa. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda ba irin na ranar.

Umma ta saurara har suka gama, sannan ta juya fuskarta bango.

"Ba ita ba ce," ta ce. "Ku kira mini mijina, shi ya iya ta."