Hotunan Bikin Rukayya

…wannan ma ya yi kyau, abin haushin ke nan. Haske ya zauna daidai, babu wanda ya rufe ido, babbar rigar Alhaji Wali ta fito fes har zaren aikin wuyanta ana gani. Ni na ɗauka. Hannuna bai yi rawa ba. Me zai sa ya yi rawa? Ranar Alhamis ce, ranar kamun 'yarsa Rukayya, ina tsakar gidansu ina cewa a matso, a matso, Hajiya ki ɗan juyo nan — ke kuma kina can Maraɗi an lulluɓe ki da zane.

Ummakulsum, tun safe nake zaune gaban kwamfutar nan. Na tura ƙofar shago, ban sa sakata ba. Dangin ango sun aiko, wai albam fa? Sun sake aikowa. Hotunan duka suna nan wuri ɗaya, ba wanda yake da su a duniya sai ni. In na danna nan, wurin gogewa, sai ta tambaye ni: ka tabbata? In na ce e, shi ke nan. Babu kamu, babu ɗaurin aure, babu wuni. Kamar ba a yi ba.

Kamar yadda aka yi mini da ke.

Gaba… wannan ƙawayen amarya ne. Gaba. 'Yan'uwan Hajiya na Gusau. Gaba —

Ga shi nan. Shi ne nake ta kewayewa tun safe. Alhaji a bakin zaure, waya a kunne, ɗaya hannun ya dafa bango. Ban ce ya tsaya ba, haka kawai na ɗauka, irin hoton da mutum bai shirya ba, su ne masu daɗi a albam. Uban amarya yana fama da hidima, na ce a raina. Dubi idonsa. Ba kyamara yake kallo ba. Ni yake kallo.

Yaya Salisu ne a wayar. Wa zai kira in ba shi ba? A wurinmu ba a jefa wa mutum mutuwa ta waya. Babba ake nema, wanda yake kusa, ya zaunar da kai, ya fara da jikin ya yi tsanani, ya bari ka sha ruwa, sannan ya saka ka a mota. Haka aka yi wa kowa. Ni kuma wane babba nake da shi a Kano? Na zo garin nan da 'yar jaka da tsohuwar kyamara, ina tsayawa a Bata, bakin kasuwa, ina ɗaukar hoton fasfo, 'yan kasuwa suna tsokanata, Ɗan Nijar ina raƙuminka? Alhaji ne ya ji harshena ya ce daga ina, na ce Maraɗi, ya ce kakana ma can ne. Ya ba ni shagon nan a jikin gidansa na Fagge. Shi ya je ya karɓo mini aurenki. Ɗana, yake ce mini. A gaban mutane ma, ɗana.

Ya kashe wayar ya saka a aljihu. Ya ce, Isuhu, ka ci abinci kuwa?

Na ce ban ci ba, Baba.

Ya ce a kawo wa Isuhu abinci.

Aka kawo. Kai, aka kawo! Tun da nake aikin biki ba a taɓa ciyar da ni irin na bikin nan ba. Mai hoto da ake mantawa da shi, sai an kwashe kwanuka a ce af, kun ba mai hoto? Amma ni ko'ina na juya kwano. Hajiya da kanta ta tsamo mini cinyar kaza. Ci, Isuhu, ci ka ƙoshi. Na ci. Na suɗe hannu. Har ina cewa bari Ummakulsum ta haihu ta dawo daga wankan jego in ba ta labari…

Wani yana ƙwanƙwasawa. Fasfo yake so, na sani. Ya gaji ya tafi.

Mun yi jiranka har la'asar, in ji Yaya, muna zaune kan tabarmar makoki, bai dube ni ba. Alhaji ya ce a ruhe ta, kar kowa shi kira ka, shi da kainai zai kawo ka. Har la'asar! In na hau mota da hantsi, Katsina, Jibiya, in tsallaka iyaka — da na iso. Da na ga fuskarki. Da ni zan shiga ramin in karɓe ki, ba ƙanin babanki ba. Abin da na samu tudun ƙasa ne da ƙaya a kai, har ya fara bushewa. Aka ce nan ne. Na ce to. Da sun nuna mini na kusa da shi ma to zan ce.

Na kira ki fa. Ranar Alhamis da yamma na kira, a kashe. Na ce wutar Maraɗi ce, kin san halinta. Na kira Yaya, tana ta ƙara bai ɗauka ba. Ranar Juma'a, a ƙofar masallaci, kafin a ɗaura, na raɓa kusa da Alhaji na ce Baba, wayar mutanen gida ba ta shiga, ga shi watanta ya tsaya. Ya gyara hularsa. Ya ce na yi magana da yayanka, da sauƙi.

Da sauƙi.

Na ce alhamdu lillahi. Na hau benci don in samu taron gaba ɗaya. Ga hoton nan — hannuwa sama, ana shafa Fatiha, nasa hannun ya fi na kowa tsawo. Mutum nawa ne a nan suka sani? Wannan mai farin rawanin? Direbansa, da ya riƙe mini bencin yana cewa a hankali Malam Isuhu, a hankali? Ina ƙara girman fuskokinsu ɗaya-ɗaya har su fashe su zama ɗigo-ɗigo, ba na ganin komai. Aikina ke nan, in sa mutane su yi fuskar da ba tasu ba. To ga shi sun iya.

Nepa sun ɗauke. Fanka ta tsaya. Kwamfuta tana kan batir, zai ɗan kai ni.

Da ba don Tabitha ba, sai yaushe? Tabitha mai kwalliyar amare, 'yar Zariya, ta Sabon Gari, wadda kike cewa bakinta ba ya shiru. Bikin da muka yi tare da ita ba ya ƙirguwa. Ranar Asabar, an tashi daga wuni, ana naɗe kujeru a zauren taro, tana haɗa akwatinta ina naɗe wayar fitila. Ba ta ce Ɗan Nijar ba yadda ta saba. Ta ce Isuhu, kai namiji ne wallahi. Allah ya ji ƙan madam. Tun shekaranjiya da na ji a ɗakin amarya nake so in yi maka gaisuwa, na ga kana ta aiki…

Na ce wace madam?

Fuskarta. Ban ɗauki wannan ba, amma ita ce hoton da ya fi fita a duk bikin. Ta ɗora hannu a ka. Ta ce Yesu. Ta ce ba su gaya maka ba? Isuhu, ba su gaya maka ba?

Tausayinka na ji, in ji Alhaji. A falonsa, ya sa an rufe ƙofa, yana jan carbi. Na ce ka samu natsuwa tukuna. Wanda ya tafi ya tafi, ɗana, zuwanka ba zai dawo da ita ba. Ya ba ni mota da direba har Maraɗi, da buhun shinkafa na sadaka. Mutanen gida suna ta sa masa albarka. Inna ta ce irin wannan uban gida sai an tona.

Masu hoto nawa ne a Kano? Daga Titin Ibrahim Taiwo zuwa Sabon Gari, waya ɗaya zai buga su zo su goma. Amma Alhaji ba ya barin baƙon namiji ya shiga cikin gidansa ya ga iyalinsa babu mayafi. Ni kaɗai nake shiga. Ni ɗan gida ne. Kin gane? Da bare ne ni, da ya gaya mini.

'Yarmu tana hannun Inna. An sa mata sunanki. Tana da goshinki, ko ni nake ganin haka… Madara take sha ta gwangwani, madarar kuma daga shagon nan za ta fito, shagon kuma bangonsa bangon Alhaji ne. In na danna, sai in tattara. In koma ina? Wa yake neman mai hoto a unguwarmu, kowa da wayarsa? In ban danna ba, gobe in hau adaidaita in kai su Sabon Gari a wanke, in zaɓi bangon albam mai ruwan zinariya, in jera su da hannuna, in kai masa har falo in durƙusa. Ya buɗe ya ce ma sha Allah, ɗana. Ya ajiye a kan tebur, duk baƙon da ya zo a nuna masa ranar da kika mutu.

An kira azahar. Zan tashi. Bari dai in…

Ɗakin amarya, Tabitha ta ce. A ɗakin amarya ta ji.

Na koma baya. Baya. Ga Rukayya ranar kamu, an yafa mata mayafi, an fesa turare. Rukayya da take zuwa ɗakinmu ki yi mata kitso, tana kwance a cinyarki tana ce miki Anti. Kuka take yi. Duk amarya tana kuka, wasu ma sai an tsunkule su. Amma wannan sau biyu Tabitha tana sake mata kwalliyar ido. Na ji daɗi a lokacin, na ce wannan shi ne na bangon albam. Na durƙusa a gabanta na yi ta dannawa, ƙyas, ƙyas, ƙyas, a jere.

Ga su a jere. A nan ta ɗago kai. A nan ta kalle ni. A nan Hajiya ta dafa kafaɗarta — dafawa ce ko riƙewa? A nan bakinta ya buɗe.

Yaya Isuhu, ta ce. Na tuna. Ta ce Yaya Isuhu…

Na ce kar ki yi magana, ƙanwata, tsaya haka. Haka ya yi kyau.

Me za ta ce? Ƙila ruwa take so. Ƙila fitilar ce ta dame ta. Ƙila…

Muryar Alhaji ce a waje, yana gaisawa da mai shayi. Yana tambaya ko Isuhu yana ciki. Batir ya yi ja. Hannuna yana nan inda yake, ya yi nauyi, ba ya gaba ba ya baya. Bakinta a buɗe, Ummakulsum. Har yanzu a buɗe yake.