Miyar da Direba Ya San Rabinta

Tumatir na shida yake latsawa da babban yatsa lokacin da mai kayan miya ta ce masa in saye zai yi ya saya, in kuma awon hawan jini yake wa tumatirin, to ya bari ta jera masa su a layi. Tsohon direban ya yi dariya, ya ajiye na hannunsa, ya ɗauki wani. Ya ce dogaye yake so, masu tsoka, waɗanda suka nuna har ciki amma ba su fara ruwa ba. Ta dubi farar rigarsa da ta sha guga, ta tambaye shi ko uwargida ce ta yi yaji. Ya ce a'a, tana gida, likita ne dai ya raba ta da yaji.

Kwana shida ke nan da aka sallamo matarsa daga asibiti bayan tiyata a ciki. Likita ya hana ta barkono da dunƙulen ɗanɗano, ya ce a rage mai da gishiri. Tun daga ranar, kome aka kawo mata sai ta yi cokali biyu ta ture kwano, ta ce abincin kamar an jiƙa takarda. Autarsu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta faɗa da safe kafin ta fita aiki cewa in yau ma Mama ba ta ci ba, gobe za a koma a ɗaura mata ƙarin ruwa. Matar ta juya fuska ga bango. Can ta ce, cikin zolaya, abu ɗaya ne ya rage mata ba ta ɗanɗana ba a duniya, wato miyar ɗan Italiyan nan da Malam ya shekara talatin da huɗu yana ba su labari. Shi kuma bakinsa ya riga tunaninsa, ya ce yau za ta ci.

Labarin kuwa kowa a gidan ya haddace shi. Yana saurayi ya yi tuƙi a wani kamfanin gina hanya, inda ake da kuku ɗan Italiya, gajere mai ƙaton ciki da saurin fushi. Kukun yana yin wata miyar tumatir ta taliya, ba barkono, ba tarkace, amma wanda ya ci sai ya lashe kwano. A kowace bayarwa direban yakan ƙare da cewa shi ne na hannun damar kukun.

Ya sayi tumatir da tafarnuwa da ɗaurin ɗoɗɗoya, ya biya wani kanti ya ɗauki ƙaramar kwalbar man zaitun da taliya dogaye. A motar haya ya rungume ledar a cinya. Direban motar yana ta canja giya ba kan ƙa'ida ba, amma yau tsohon ko tari bai yi masa ba, don hankalinsa na wani wuri.

A kicin ya sha neman wuƙa kafin ya same ta a cikin aljihun teburin da ya buɗe tun farko. Ya ɗora ruwa, ya tsaga gindin kowane tumatir tsaga biyu a giciye, ya zuba su a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ya kwashe ya tsoma a ruwan sanyi. Fatar ta riƙa saluɓewa da kanta. Ya cire ƙwayayen, ya murƙushe tsokar da hannu a cikin kwano, har yana ɗan fito. Hannunsa bai manta komai ba.

Da ya gama sai ya tsaya, ya dubi kwanon, ya dubi tukunya. Iyakar abin da ya sani ke nan. A wancan zamanin, da ya gama ɓare tumatir ake kiransa ya tafi ɗauko ma'aikata daga bakin aiki, kuma kafin ya dawo miya ta nuna. Farkonta ya sani da ƙarshenta, tsakiyar bai taɓa gani ba.

Ya ce a ransa ai girki bai fi ƙarfin hankali ba. Ya ƙure wuta, ya zuba mai, ya watsa tafarnuwa. Kafin ya juya ya ɗauko cokali ta yi baƙi ƙirin, ƙauri ya cika gidan. Yana buɗe taga yana kore hayaƙi da faranti sai ya ji takun silifa a hankali. Matarsa ce a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan ɗinkin cikinta, ɗaya a jikin bango. Tun da ta dawo ba ta yi tafiya mai nisan wannan ba. Ya yi sauri ya jawo mata kujera.

Ta zauna, ta leƙa tukunyar, ta tambaya ko haka ɗan Italiyan yake yi. Ya goge hannunsa a tsumma ya daɗe yana gogewa. Sannan ya faɗa mata gaskiya, cewa shi ɓare tumatir kawai ya iya.

Ta fara dariya, ɗinkin ya ja ta, ta riƙe ciki tana roƙonsa ya daina yin wannan fuskar.

"Malam, ai na sani tun shekarar farko," ta ce. "Kullum labarinka daga ɓare tumatir sai ka yi tsalle ka faɗa kan lashe kwano. Wanda ya dafa abu ba ya tsallake wuta."

Ya tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce labarin yana da daɗi a haka, kuma yara suna cin abinci sosai in yana bayarwa.

Ta sa ya wanke tukunyar, ta ce tunda ya san ƙarshen miyar, ya faɗa mata abin da harshensa ya tuna. Ta shiga yi masa tambayoyi kamar ɗan sanda. Tana da kauri ko tsululu take? Ya ce kauri, tana kama taliya. Ana ganin tafarnuwa a ciki? Ya rufe ido, ya ce ƙamshinta kawai ake ji. Mai yana tasowa a sama? Ɗan kaɗan, a gefe-gefe, launin ruwan lemo. Da tsami? Ya ce a'a, har wani ɗan zaƙi take yi. Murfi fa? Nan ya tuna cewa in ya dawo yakan tarar da bangon bayan murhu da ɗigo-ɗigon ja, kuku yana zagin wanda zai goge.

Ta gyaɗa kai, ta ce to a buɗe ake dafa ta, a ƙaramar wuta, kuma ba a ƙara ruwa. Ta sa ya daddaƙa tafarnuwa uku da gefen wuƙa, ya sa su a mai tun yana sanyi, ya rage wuta har ta kusa mutuwa. Da ƙamshi ya tashi, kafin launi ya sauya, ta ce ya juye tumatir. Tukunyar ta yi ƙara ta lafa. Ya sa gishiri ɗan kaɗan, tana kallon yatsunsa.

Sun yi gardama a kan albasa. Ita ta ce ba ta taɓa jin miya ba albasa ba, shi ya rantse bai taɓa ganin kukun ya zubar da hawaye ba. Ta bar masa. Miyar ta riƙa ɓararraka a hankali, yana juyawa da cokalin katako duk lokacin da ta ɗaga masa gira. Farar rigar ta samu rabonta. Wajen minti arba'in suka yi a haka, tana ba shi labarin matar gadon kusa da nata a asibiti, wadda ke ɓoye waya a cikin filo. Tumatirin ya narke, jan ya yi duhu, mai ya fito a gefe. Ta ce ya tsame tafarnuwar, ya yayyaga ɗoɗɗoya da hannu ya zuba, ya kashe wuta.

Wajen taliya kuwa shi ya ba da umarni, don ya taɓa ganin kukun ya kori wani daga kicin saboda ya karya ta biyu. Ya sa ta a tsaye cikin ruwa mai yawa, ya tsame ta tana da ɗan sauran ƙarfi, ya juye a cikin miyar da ludayi ɗaya na ruwan dahuwarta, ya yi ta juyawa har kowane sili ya yi ja.

A nan kicin ta ci, farantin a kan cinyarta. Ya yi kamar yana wanke-wanke, amma yana ƙirga lomar ta gefen ido. A ta tara ya daina. Da Auta ta shigo da yamma, ta tarar da uwarta tana goge farantin da ɓallin burodi, ubanta kuma da riga kamar ya fito daga mahauta. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ajiye jaka ta ɗauko nata farantin ba tare da ta yi tambaya ba.

Matar ta ce masa ya zauna ya ci, ya faɗa mata tsakani da Allah ko ta yi kamar ta ɗan Italiyan. Ya naɗa taliyar a cokali mai yatsu ya kai baki. Ita ce, ba ragi ba ƙari. Har zafin kujerar motar kamfanin ya ji a bayansa. Ya ɗago zai faɗa, sai ya ga yadda ta zauna a miƙe, ido a kansa, ta manta da hannun da take dafe ciki da shi.

Ya tauna a hankali, ya ɗan karkata kai.

"Ta kusa," ya ce. "Akwai abin da ya rage, amma na kasa kama shi."

Ta dube shi na ɗan lokaci, gefen bakinta yana motsi. Sannan ta ce ita dama ta san albasa ce. Gobe ya je da wuri kafin a tsince tumatir masu kyau, ya haɗo da albasa ƙanana guda biyu, kuma ya bar mata kujerar nan a inda take.