Kayan Namiji

Ƙarar guduma a kan rufin kwano ce ta sa Emilia ta saki ludayin kunu ta fito tsakar gida a guje, baƙin ɗankwalin makoki na zamewa daga kanta. Kwana uku ke nan da binne mijinta Kambai, ko bencinan da aka aro daga coci ba a mayar ba. Ga tsani jingine da bango, ga Dickson, ƙanen marigayin, durƙushe a saman ɗaki yana ɓamɓare ƙusoshin da suka riƙe allon gilashin nan mai shan hasken rana. Can bayan kicin kuma wasu maza biyu sun ɗaura igiya a jikin dogon ƙarfen da farfelar iska ke juyawa a kansa.

"Dickson, sauko. Don Allah kar ka taɓa wayan nan."

Ko waiwayowa bai yi ba. Wanda ya amsa mata shi ne Baba Kumai, yayan Kambai kuma babban gidansu, wanda ya taso tun asuba daga ƙauyensu na bayan Samaru Kataf da motar a-kori-kura. Yana zaune a kan benci ƙarƙashin mangwaro, sanda tsakanin ƙafafunsa, fuskarsa babu alamar faɗa.

"Matan mu, ki yi hankuri, ki zo ki zauna," in ji shi. "Ba fitina ya kawo mu ba. Kin san yadda ake yi."

Ta sani. A danginsu, idan namiji ya mutu bai bar ɗa namiji ba, kaya biyu ake warewa. Kayan namiji su koma gidan ubansa: garma, keke, rediyo, akwatin aiki, duk abin da aka haɗa da ƙarfe da guduma. Kayan mace kuwa, tukwane da tasoshi da keken ɗinki da duk abin da ke cikin kicin, a bar wa matar. Ita Emilia 'ya ɗaya Allah ya ba ta, Clara, mai shekara goma sha ɗaya, ga ta can tsaye a ƙofar kicin riƙe da labule tana kallon saman ɗaki.

Saboda Clara aka yi allon da farfelar. Shekara huɗu da suka wuce yarinyar ta fara rama da shan ruwa babu ƙoshi, likita ya ce ciwon sukari ne, allura safe da yamma har iyakar rai, kuma ruwan allurar ba ya son zafi, in ya ji zafi ƙarfinsa mutuwa yake yi ba tare da ya nuna a ido ba. Unguwarsu kuwa tana can ƙetaren layin dogo, inda turakun lantarki ba su kai ba. Kambai malamin aikin ƙarfe ne a makarantar koyon sana'a. Ya ji labarin wani allon hasken rana na famfon mishan da ƙanƙara ta farfasa aka jefar, ya je ya roƙo, ya kawo shi gida a kan keke. Cikin allon akwai faya-faye shuɗaye, sirara kamar ɓawon ƙwai, kuma duk wanda ya ɗauka da manyan yatsunsa sai ya karye. A rana ta uku ya ajiye ƙarfen darma ya ce wannan aikin mai zare da allura ne.

Wata uku Emilia ta yi tana liƙa su da darma, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin ɗinkin kayan makaranta. Shi ya yi firam na katako, ya rufe da gilashin taga. Ya yanka gangar ƙarfe ya yi fukafukai, ya ɗaura su a kan altanetar tsohuwar gingimari, injin nan da ke ba batir wuta, ya kafa a kan ƙarfe don ta kama iskar da ke gangarowa daga duwatsun Kagoro. Rana ta cika batura biyu, in ta faɗi iska ta karɓa, ƙaramin firij ɗin kicin kuwa bai taɓa yin shiru ba. Farfelar ma haka, kullum cikin ƙorafi take, shi ya sa Kambai ya sa mata suna Gwaggo. Ranar da mota ta kife da shi a hanyar Kachia, da safen ma sai da ya hau ya zuba wa Gwaggo mai.

Duk wannan ta faɗa wa Baba Kumai a durƙushe. Ya saurara har ta gama, yana gyaɗa kai.

"Ai shi ya sa mun bar miki firij," ya ce. "Dickson ya so ya ɗauka, na ce a'a, abin kicin ne, na mace ne. Maganin yarinyan yana ciki, wa zai taɓa? Mu ba mugaye ba ne, matan mu."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. A ransa alheri ya yi mata. Ta yi ƙoƙarin nuna masa cewa firij ɗin ba ya yin sanyi da kansa, wayar nan da ta sauko daga rufi ita ce numfashinsa, in an cire allo da farfela da batura akwati kawai suka bar mata. Ya ce shi dai abin da ya sani, abin da ke saman ɗaki namiji ne ya hau ya kafa, bai taɓa ganin mace a kan rufi ba.

Hayaniyar ta jawo Aloysius, maƙwabcinsu, tsohon makanikin jirgin ƙasa, wanda ya taya Kambai kafa ƙarfen. Ya shigo da singileti, ya gaishe su da Hausarsa ta tasha, ya fara bayanin yadda wuta ke tafiya daga allo zuwa batir. Baba Kumai ya gode masa da zuwansa jana'iza, ya yaba waƙar da ya yi a coci, sannan ya ce maganar gida ce, ba ta baƙo ba. Aloysius, da ya shekara arba'in a nan Kafanchan, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Sai Emilia ta miƙe. Ta buɗe tafukanta a gaban tsohon, ta nuna masa farare-fararen tabon ƙuna a kan yatsunta.

"Baba, dubi. Allon nan ni na yi shi. Kowane ɗigon darma da hannuna ne. In aikin hannu ake bi, kayan mace ne."

Dariya ta sauko daga saman rufi. Dickson ya ce to tunda matan yaya injiniya ce, gobe sai ta zo ta gyara masa babur. Mazan da ke riƙe da igiya suka taya shi. Baba Kumai bai yi dariya ba, ya dai dubi yatsun, ya kau da kai.

"Ko ke kin yi, a gidan wa kin yi?"

Dickson ya fizge wayar. Ba a ji wata ƙara ba. Clara ce kawai ta juya ta leƙa kicin, ta ce a hankali, "Mama, ya yi shiru."

* * *

Kafin azahar sun gama. Gwaggo ta sauko da kuka, fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe. Suka loda batura da akwatin aiki, har da ƙarfen darma da keke da takalman Kambai. Allon suka shimfiɗa a bayan mota a kan buhu, Dickson na cewa da shi zai kunna talabijin a ƙauye, kowa ya zo kallon ƙwallo. Sai aka zo ɗora dogon ƙarfen. Mai riƙe da gindin ya yi tuntuɓe da turmi, ƙarfen ya suɓuce, ya sauka a tsakiyar gilashin.

Emilia ta ji ƙarar har cikin haƙoranta.

Aka yi cirko-cirko. Dickson ya zagi mai tuntuɓen, mai tuntuɓen ya zagi turmi. Baba Kumai ya tako ya leƙa, ya taɓa tsagar da bakin sandarsa, ya ce fasasshen abu ba a kai shi gidan uba, a sauke mata, ko akurkin kaji ta rufe da shi. Suka jingina shi a bangon kicin. Da zai shiga mota ya sa a yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya zama mijin gwauraye, uban marayu. Kowa ya ce amin. Emilia ta ji bakinta ya faɗa shi ma.

Kwalaben allura huɗu ne a firij ɗin, na wata biyu, kuma sun riga sun fara gumi. Ta tuna dabarar da wata nas ta taɓa gaya mata, ta ce ta kwana ɗaya zuwa biyu ce kawai: ta zuba yashi a kasko, ta jiƙa, ta dasa ƙaramar tukunya a tsakiya, ta sa kwalaben, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Watan Maris ne, zafin da ke zuwa kafin ruwan farko, ko ganyen mangwaro ba ya motsi. Kafin la'asar sau uku tana sake jiƙa yashin.

Ta je gidan Reberan. Ya tausaya ƙwarai, ya ce zai sa ta cikin addu'ar Lahadi, amma rabon gado sha'anin dangi ne, in coci ta sa baki sai a ce tana raba zumunci. Firij ɗinsa kuma na kananzir ne, ya kwana biyu da lalacewa. Matan zumuntar coci suka kawo mata masara da sabulu. Wata a cikinsu ta ce ta gode wa Allah, ita da nata mijin ya rasu ko katifa ba a bar mata ba.

* * *

A rana ta huɗu da shirun firij ɗin Clara ta fara yawan zuwa randa. Emilia na gani ta wutsiyar ido. Ta ɗaga kwalbar allurar a hasken taga, ta juya ta, ruwan yana nan yadda yake, ba ya faɗin ko da rai ko babu.

Tun jiya ta kwance allon. Ta zare gilashin da ya tsage, ta tsince faya-fayen ɗaya bayan ɗaya da hantsakin ɗinki, ta ware matattu, ta jera masu sauran rai a kan babban farantin da aka ba ta ranar aure. Tara ne suka tsira. Aloysius ya miƙo mata ta kan katanga wani tsohon ƙarfen darma na zamanin aikin jirgi, irin wanda ake gasawa a wuta, da guntun darma, da ƙwan tocila.

Ta zauna a tsakar gida kusa da kurfoti, ta tura bakin ƙarfen cikin garwashi. Hannunta bai manta ba. Ɗigo, ta hura, ta matsa gaba. Warin darma ya tashi, sai ta ji kamar Kambai na tsaye a bayanta yana cewa a hankali, Madam Injiniya, a hankali. Ta goge ido da gefen zane don kada hawaye ya ɗiga a kan aikin.

Da rana ta take tsaka ta haɗa wayoyi biyu a gindin ƙwan. Zaren cikinsa ya yi ja, sannan ya yi ɗan haske rawaya, wanda sai ta kare shi da tafi ake ganinsa.

"Mama, ya kama," in ji Clara, ta tsuguna, kofin ruwa a hannunta. "Zai tada firij?"

Emilia ta san amsar. Ko goma irin wannan ba za su tada shi ba, balle babu batir, babu Gwaggo. Ta ce a yi dai a hankali, yau ƙwai, gobe a ga abin da Allah zai yi. Yarinyar ta shanye ruwan, ta tashi ta nufi randa.

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani mutum ya yi sallama ya shigo, mai ƙiba, rigarsa na tashin ƙamshin citta, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Emilia ba ta taɓa ganinsa ba. Ya yi mata gaisuwar rashi cikin ladabi, ya ce daga Kachia yake, citta yake saye, ya daɗe yana neman wurin ajiya kusa da tasha. Idonsa na kan rufin, sannan ya sauko kan faɗin tsakar gidan, kamar mai lissafin buhu nawa za a shanya.

"Nan ne gidan marigayi Malam Kambai, ko? Baba Kumai ya ce in zo in auna. Ya ce bango da rufi na namiji ne, amma kar ki damu, Madam, kayan kicin duka naki ne."

Ya matso yana warware tef ɗin. Inuwarsa ta faɗo a kan farantin, ƙwan ya mutu.