Hannun Billa na Hagu

Da na zo birnin Kolon ina amarya daga can arewacin Jamus, bakin teku, tsammanina Jamusanci ɗaya ne. Ashe! Na sauka a unguwar mijina, mutane na magana ina bin su da ido. Maƙwabciyata Billa ce ta ji tausayina, ko da yake tausayin Billa ba ya zuwa sai da zagi.

"Ke 'yar arewa, wannan maganar taki ta masu karanta labarai a rediyo ba za ta saya miki ko burodi ba a nan. Zo ki zauna."

A kicin ɗinta na yi makaranta. Tana soya ƙosan dankali, faifan waƙoƙin karnibal, bikin shekara-shekara na garin da ake yin shigar ban dariya, na juyawa, ita kuma tana ɗaga allura tana mayarwa har sai na iya baitin. A cikin waƙoƙin nan na san yadda ɗan Kolon ke zagi, da yadda yake kewar garinsu alhali yana zaune a cikinsa. A nan kuma na koyi ƙa'idar zauren biki: da an ɗauko waƙa mai sanyi, kowa zai saƙala hannu a na kusa da shi, sani ko rashin sani, layi ya yi ta rangaji dama da hagu. Ba a yanke layi. Mu da muka tashi inda ko gaisuwa daga nesa ake yi, na sha wuya kafin na saba. Wallahi ina kewar kicin ɗin nan har yau.

Bara ciwon shanyewar jiki ya kama Billa, hannun hagu ya mutu. Ta kulle kanta a gida, faifan ma ta sa aka kai shi ɗakin ƙasa. Da karnibal ya zo na je da jar hularta mai ƙararrawa.

"Ba ni zuwa, Wiebke. In je in yanke wa mutane layi? Ni ba mushe ba ce da za a ajiye a tsakiya."

"Tashi, tsohuwar banza. Surutunki ai bai shanye ba."

Na san idan ta ƙi fita bana, ta gama fita ke nan. Da faɗa da rarrashi na kai ta zauren unguwa, na zauna ta hagunta. Waƙoƙin barkwanci suka wuce, ko murmushi ba ta yi ba. Sai makaɗa suka sassauta, aka ɗauko waƙar masu kewar gida. Wani ƙato mai shigar kaza ya cafke hannunta na dama ba tare da ya tambaya ba. Rangajin ya taho daga can ƙarshen tebur, ya iso kanta, ya tsaya. Billa ta sunkuyar da kai, ta fara laluben sandarta.

Na ɗaga hannun nan mai nauyi da sanyi, na saƙala shi a nawa, na danne da ɗaya hannun. Layi ya ɗauke mu. Can na ji muryarta, a karkace, tana bin baitin. Ni kam kuka nake yi, ban ɓoye ba.

Ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Kin riƙe ni ne?"

"Na riƙe."

"Ba na ji ko kaɗan," in ji ta. "Amma kada ki saki."