Katako na Huɗu

"Taka, Baba. Ɗaga ƙafar dama ka ɗora a kan sawun nan."

Baba Kafinta yana jin muryar likitar gashin ƙashi dab da kunnensa na hagu, amma ita kanta ba ya ganinta. An ɗaura masa wani ƙaton tabarau da ya rufe masa ido ruf, kuma abin da ke cikinsa kaɗai yake gani: rafi mai gudu, ciyawa kore shar, da wata 'yar gada ta katako goma sha biyu. A tsakiyar kowane katako an zana sawun ƙafa ruwan ɗorawa, wai nan mutum zai taka.

Ya san duk ƙarya ce. Ya san a ɗakin asibiti yake, a kan tayil shimfiɗaɗɗe, da ɗamara a ƙirjinsa wadda aka rataya da igiya a silin, ko ya zame ba zai kai ƙasa ba. Ya taka na ɗaya, ya taka na biyu da na uku, waɗanda ke kwance a kan gaɓar rafin. Da ya zo na huɗu, inda ruwa ya fara, sai ya ja ya tsaya cak.

Wannan ne karo na shida da yake tsayawa a nan.

"Baba, don Allah," in ji Auta, 'yarsa, daga kujerar da take zaune. Tana kallon duk abin da yake gani a wani allo da ke jikin bango. "Taku tara ne fa ya rage."

Bai ɗaga ƙafa ba. Na'urar ta jira iya jiranta, sannan ta yi ɗan kukan nan da ya tsana, rafin ya dushe.

Shekara arba'in da biyu Baba Kafinta ya yi yana rufin gidaje. Ya yi yawo a kan katakon rufi da guduma a hannu da ƙusoshi a baki, iska na kaɗa masa riga, ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta goce ba. Sai ga shi wata huɗu da suka wuce, bakin dardumar falonsa ya kayar da shi. Darduma! Ya tashi zai rage muryar rediyo, sai ya ji shi a ƙasa, ƙugu ya ƙi motsi, waya kuma tana can cikin ɗaki. Tun hantsi yake kwance har la'asar, lokacin da Auta ta biyo daga wurin aiki ta same shi. Ƙashi bai karye ba, amma tun daga ranar ya koma tafiya yana dafa bango, idonsa a kan 'yan yatsun ƙafarsa.

Auta ba ta tsaya wata-wata ba. Ta gyara masa ɗaki a gidanta, ta sa sabon labule, mijinta ya yi magana da mai motar kwasar kaya. Shi kuwa Baba ya ce ba inda za shi. A gidan nan matarsa ta rasu, a bayansa rumfar aikinsa take, kuma shi bai ga abin da zai yi a bene hawa na uku ba ban da leƙen titi ta taga. Da ƙyar suka daidaita: zai yi mako shida yana zuwa wurin likitar gashi. In ta ce zai iya zama shi kaɗai, ya zauna. In ta ce a'a, mota ta zo. Yau ce ranar ƙarshe, motar kuma gobe da safe.

Abin haushin shi ne sauran wasannin tabarau duk ya iya su. Ya tsinki lemo a bishiyar da babu ita, ya kauce wa ƙwallayen da ba sa dukan kowa, ya tsallake duwatsu har likita na tafa masa. Ƙafafunsa sun yi ƙarfi, shi ma ya ji a jikinsa. Gadar ce kawai ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Likita ta zare masa tabarau, ta zaunar da shi. Ba za ta wuce sa'ar Auta ba, mace ce mai fara'a, amma yau fara'ar ta ragu. Ta ɗauki takardarsa tana jujjuya biro.

"Baba, ƙarfi kam kana da shi. Amma wanda tsoro ke tsayarwa haka, in ya tsaya a tsakiyar banɗaki ko a bakin titi, nan ne ake faɗuwa. Ba zan ɓoye maka ba, abin da zan rubuta ke nan."

"Rubuta abin da kika gani, 'yata."

"Na gani, amma ban gane ba. Me kake gani a wurin nan da mu ba ma gani?"

Ya dubi Auta, ya dubi allon bango, ya shafa gemu. Tambayar da ba a taɓa yi masa ba ke nan a mako shida. Kullum sai dai a ce ya daure, ya cire tsoro.

"Kafin in yi magana," ya ce, "wa ya yi gadar nan? Ɗan'uwanki ne?"

"Wace gada?"

"Ta cikin tabarau."

Likita ta yi dariya. "Ni ina na san shi, Baba? Haka aka kawo mana na'urar daga kamfani."

"Ba ke kika ba da aikin ba?"

"Ko kusa."

Sai Baba ya gyara zama. A sana'arsu, in ka shiga gida ka tarar da aikin wani kafinta, ba ka kushe shi a gaban mai gidan. Ka iya hana mutum abincinsa, ka kuma sa mai gida jin an cuce shi. Sai ka yi shiru, ka ƙi hawa kawai, mai hankali ya gane. Shekara da shekaru haka yake yi, kuma mako shida ke nan yana jiran likita ta gane.

"To tunda ba naki ba ne, wanda ya yi gadar nan bai taɓa riƙe guduma ba. Maido hoton."

Ta maido gadar a allo. Ya miƙa sandarsa yana nunawa.

"Kin ga katako na huɗu? Kin ga wannan baƙin idon a tsakiyarsa, inda reshe ya taɓa fitowa? Kin ga tsagar da ta taso daga bakin ƙusa ta nufo shi? Wannan ko akuya ta taka sai ya ɓalle. Na bakwai ma haka, na goma ya fi su lalacewa. Dogayen katakan da ke ɗauke da gadar biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, tsakiya ba komai sai iska. Shi kuma gwanin naku sai ya zana sawu a tsakiya, daidai kan idon, wai nan zan sa ƙafata."

"Baba, zane ne fa!" Auta ta ce, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. "Don ya yi kyau aka sa masa tsagar. Mako shida kana wahalar da mu a kan zane?"

"Ke kika san zane ne. Ƙafata ba ta sani ba."

Likita ta ajiye biro. Ta matsa kusa da allon tana duba katakon kamar yau ta fara ganinsa.

"To in kai ne a kan aikinka, ina za ka taka?"

"Kan layin ƙusa. Inda ƙusa take, nan akwai abin da ya tokare ta ƙasa."

"Layin ai a gefe yake, dab da ruwa. Kuma siriri ne."

"A kansa na ci abinci."

"Tashi mu gani."

Ta mayar masa da tabarau, ta duba ɗamarar. Rafin ya dawo, da kukan ruwansa. Baba ya matsa dama, ya daidaita ƙafarsa a kan kawunan ƙusoshin da suka yi layi har tsallake.

A nan ne ya san rabin gaskiya ya faɗa. Katakon ruɓaɓɓe ne, wannan haka yake. Amma ga shi yanzu a kan layin ƙusa, ba ido ba tsaga, kuma ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Tsoro ne, tsoron nan da ya kwanta tare da shi a kan darduma tun hantsi har la'asar. Kunya ta kama shi. Da ma tabarau ya rufe masa fuska duka.

Ya ja numfashi. A kan rufi ba a kallon ƙafa, wannan shi ne abu na farko da yake koya wa duk wanda ya zo koyon aiki. Inda za ka ake kallo. Ya ɗaga kai, ya kafa ido a kan wani kututture da ke tsallaken rafin, ya buɗe hannuwa kaɗan. Ya ɗora diddigen dama a gaban yatsun hagu.

Na'urar ta yi kuka, don bai taka sawunta ba.

"Rabu da ita," in ji likita a hankali. "Ci gaba."

Ya sake ɗora ƙafa. Ta sake kuka. A katako na bakwai jikinsa ya karkata wajen ruwa, ya ji Auta ta ja numfashi da ƙarfi, amma ƙugunsa ya dawo da shi da kansa, yadda ya saba yi tun kafin a haife ta. Daga nan bai ƙara jin kukan na'urar ba. Takwas, tara, goma, sha ɗaya, sha biyu. Sai ga ciyawa a ƙarƙashin ƙafarsa.

Da aka cire masa tabarau, ya ga ya ratsa ɗakin daga wannan bango zuwa wancan, igiyar ɗamara kuma a sake take, ba ta ɗauki nauyinsa ba ko sau ɗaya. A allo an rubuta sakamako da jan rubutu: sifili.

Likita ta dubi sifilin ta yi tsaki, tana murmushi. "Abin da ka yi yanzu, diddige a gaban yatsu a kan layi ɗaya, ya fi wanda take nema wuya nesa ba kusa ba. Zan rubuta za ka iya zama a gidanka. Amma da sharaɗi: a naɗe dardumar nan, a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, waya kullum a aljihu, kuma sau biyu a mako ina son ganinka a nan. Ban ce ba za ka sake faɗuwa ba, wannan ba mai iya yi maka alkawarinsa."

"Na yarda." Ya nuna takardar. "Tsoron ma da kika faɗa, akwai shi. Ki rubuta."

Auta dai ta kau da kai. Ta ƙanƙame jakarta a cinya, fuskarta a ɗaure.

"Likita, ke a nan kike ganinsa, da igiya a jikinsa," ta ce daga baya. "Ni ce na buɗe ƙofa na same shi a ƙasa. Leɓensa duk ya bushe. Ni ce zan riƙa zama a ofis ina tunanin ko yana kwance."

Gaskiya ta faɗa. Baba ya ji tausayinta ya kama shi. Ita ma ashe tun ranar ba ta tashi daga wurin ba.

"Sa mata tabarau ɗin," ya ce.

"Ni? Me zan yi da shi?"

"Ba kin ce zane ne ba? Taku goma sha biyu ne kawai."

Ta ajiye jaka da ɗan fushi, ta ce ba ta bukatar wata ɗamara. Likita ta ɗaura mata tabarau, ta tsaya a hagunta, Baba ya tsaya a dama da sandarsa. Auta ta taka na ɗaya da na biyu da na uku gaba gaɗi. A na huɗu ta sunkuyar da kai, ta ga tsagar, ta ga ruwa na gudu ta ƙarƙashinta.

"Wayyo! Ashe haka yake da zurfi?"

"Kar ki kalli ƙasa. Dubi kututturen can."

Ina, ta riga ta kalla. Ta ɗaga ƙafa, ta fasa, takalminta mai tsini ya goce a kan tayil, ta tafi dama gaba ɗaya. Kafin likita ta zagayo, Baba ya saki sanda ya cafke damtsenta. Nauyinta duka ya sauka a kansa. Ya ja ƙafa ɗaya baya, ya kafe, ya tsaya.

Sandar ta gama gangarawa ta daki ƙafar kujera. Auta na haki, tabarau a fuskarta.

"Na gode, likita," ta ce.

"Ba ni ba ce," in ji likita.

Auta ta kai hannu ta shafa yatsun da ke riƙe da ita, masu kaushi, da tsohon tabon zarto a babban yatsa. Ta daɗe a haka kafin ta ture tabarau ɗin sama. Idanunta sun yi ja, ta ce abin ne ya sa mata jiri.

A barandar asibiti ta tsaya ta kira mijinta. Baba ya zauna a benci yana jin rabin maganar.

"Ka sallami mai motar nan... E, ya fasa... A'a, na'urar sifili ta ba shi."

Ta tsaya tana sauraro, tana murza damtsenta inda yatsunsa suka bar shaida.

"Ni ce na tafi zan faɗi," ta ce. "Shi ya riƙe ni."