Azumin Dogo a Ƙasar Ƙanƙara

Wana, Dogo, ya bi fataken goro zuwa Gwanja tun kafin Turawa su ci Sakkwato, bai dawo ba. Labarin ƙarshe da muka samu shi ne an gan shi a bakin teku yana aiki a jirgin ruwa. Ya bar matarsa Saude a Bungudu, aurensu bai cika shekara biyu ba. Da aka yi shekara huɗu alƙali ya ce tana iya yin idda ta sake aure. Ta ce sai ta ji daga bakin wanda ya ga gawarsa. Ta zauna tana sayar da daddawa har kanta ya yi fari fat. Kowane azumi, in ta dama kunun tsamiya, sai ta zuba rabonsa a ƙwaryarsa ta rufe da faifai, ko zai shigo a kan shan ruwa.

Ni Jibo ina ɗinkin buhunan gyaɗa a Gusau, a kantin wani tsohon Bature da muke kira Mai Dungu, don yatsu uku na hannunsa na hagu sun guntule. Mutane na cewa kuturta ce. Ni dai na daɗe ina kallon hannun, na san kuturta ba ta yanka haka daidai wa daida.

A azumin 1955, da zafin bazara, ya kira ni in gyara masa tabarmar ƙofa. A bangon ɗakinsa na ga hoto. Jirgin ruwa ne a tsaye cikin wani farin fili, ba ruwa ko kaɗan, ga mutane sun jeru a gabansa sanye da fatu kamar 'yan tauri. Na tsaya ina ƙirga su. A ƙarshen layi akwai baƙin mutum ɗaya, ya fi kowa tsawo, da zanen Zamfarawa a kumatu, kafaɗarsa ta dama a karkace. Jaki ne ya kayar da shi a gangaren Kwatarkwashi, ina wurin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan wana ne."

Mai Dungu ya zauna a kujera. Sannan ya ce shekara talatin ke nan yana ƙasar nan, ya yi cigiyar dangin wani Dogo har ya gaji, don kowace unguwa da Dogonta. Ya buɗe akwati ya ɗauko wata igiya mai ƙulli da yawa ya ɗora mini a hannu, ya ba ni labarin da Hausarsa mai gargada, wadda ya ce a bakin Dogo ya fara koyonta.

Su ashirin da shida ne suka tashi, lokacin shi yana saurayi mai aikin girki. Suna neman ƙarshen duniya ta kudu, inda ba wanda ya taɓa takawa. A hanya mai zuba musu kwal a wutar jirgi ya gudu, suka ɗauki Dogo a wata tashar bakin teku. Suka yi ta tafiya har ruwan teku ya daskare ya zama ƙanƙara, irin wadda ke faɗo mana da hadari, amma shimfiɗe iyakar ganin ido, ba itace, ba ciyawa, ba ƙasar da za a ɗiba a yi taimama. Karnukan da suka kawo don jan kaya suka yi ta mutuwa, sai mutane suka ɗaura igiya a ƙugu suna ja da kansu. Dogo ya fi kowa ja.

A can, in ji shi, rana takan yi watanni ba ta faɗi ba. Tana zagaya sama kamar jaki a turke. Na sa ya maimaita mini wannan sau uku.

Dogo yana ƙirga watanni da ƙulli a igiyar nan tun da ya bar gida. Wata rana ya ƙirga ya ce watan azumi ya kama. Ya yi sahur, ya kama baki, ya ci gaba da jan kaya yana jiran rana ta faɗi. Agogon Turawa ya nuna kwana ɗaya, ya nuna biyu. Mai Dungu ne ke kai masa kwanon abinci, shi kuma sai ya nuna sama da yatsa ya girgiza kai. A na uku suka danne shi suka ɗura masa romo. Ya yi kuka, ya ce sun karya masa azumi, ya sake ɗaukar niyya. Haka aka yi ta yi. Su suna ganin ya haukace, shi yana ganin suna so su fitar da shi daga addini. A kwana na goma sha ɗaya da lissafin agogo ya kwanta a kan kayan da yake ja, bai tashi ba. Suka sassaro ƙanƙara suka jera a kansa, don ba ƙasa.

Tafiyar ma ba ta yi albarka ba. Ba su kai inda suke nema ba. Ƙanƙara ta riƙe jirgin shekara guda, sanyi ya cinye yatsun Mai Dungu, mutum bakwai suka mutu a can. Shugabansu ya rubuta cewa baƙin mutumin ciwo ne ya kashe shi.

Na tafi wurin limaminmu, Malam Umaru, na zayyana masa. Ya ce ai malamai sun yi magana a kan irin wannan, mutum sai ya ƙiyasta da tsawon yinin garinsu ya sha ruwa, balle ma matafiyi an yafe masa. Ya faɗi wannan a cikin numfashi ɗaya yana gyara rawani. Maganar da za ta ceci Dogo ke nan, ba ta kai tsawon sallama ba, tana nan Gusau a kan buzu. Na tambaya ko za a yi masa sallar gawa daga nesa, ya ce mu a mazhabarmu ba ma yi.

Washegari na hau motar Bungudu. A hanya na yi ta shawara da zuciyata ko in ce wa Saude zazzaɓi ne kawai ya kashe shi. Na same ta da la'asar sakaliya tana tace tsamiya.

"A'a, mijina ƙarami," in ji ta, "yau an tuna da tsohuwa? Ko kunun Gusau ya tsinke?"

Na zauna a turmi na miƙa mata igiyar. Ta shafa ƙullin ɗaya bayan ɗaya, ta ce da rama ta tufka masa ita, ta ɗaure akuya ce. Ban iya yi mata ƙarya ba. Na faɗa mata duka, har da romon. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko an juya fuskarsa gabas, na ce Baturen bai sani ba. Ta tambaya ko ƙasa ta rufe shi, na ce ƙanƙara ce, kuma an ce mutum ba ya ruɓewa a cikinta, yana nan yadda aka kwantar da shi.

"To ranar ta faɗi daga baya?"

"Ta faɗi, Yaya Saude. Bayan wata biyu da wani abu."

"Ashe har yau bai sha ruwa ba," in ji ta.

Na ɗauka labarin zai sauke mata kaya. Aka kira magariba, ta zuba kunu a ƙwaryar Dogo kamar kullum, ta rufe da faifai, ta ajiye a gindin rumbu. Nata bai wuce kurɓi biyu ba. Da safe ta cire 'yan kunnenta, ta ce ta shiga takaba. Maƙwabta suka ce ai ta wuce tun shekara hamsin, malamai ma suka aiko da haka, ta ce ita jiya aka yi mata rasuwa.

Ba ta ƙarasa ba. Abinci ya daina shigarta, ta rasu ana shukar fari, saura wata uku ta fita. Mun binne ta a bayan gari, fuskarta gabas, ƙasa mai laushi saboda ruwan da aka yi.

Mai Dungu ya koma ƙasarsu a ƙarshen kakar gyaɗa, ya bar mini hoton. Ƙwaryar ma tana wurina. Bana da azumi ya zo matata Delu ta tambaye ni me za a yi da ita, na ce ta zuba kunu ta rufe. Da asuba mukan ba awaki.