Zomanyar Da Ta Haifi Biyu

Mai Zomaye ya cusa hannu cikin akwatin haihuwa, ya yamutsa gashin da zomanyar ta tsige daga ƙirjinta ta yi wa 'ya'yanta shimfiɗa. Biyu ya lalubo. Ya sake lalubawa har kusurwa. Biyun dai ne, jajur, idanu a rufe.

"Biyu! Duk dusa da ganyen da take narkawa, abin da za ta saka mini da shi ke nan?"

Matarsa na zaune a bakin ƙofa tana linke wanki. Wata biyu ke nan da aka yi mata aiki aka ciro ɗa ba rai, haihuwarta ta tara. Har yanzu in ta sunkuya sai ɗinkin ya ja ta.

"Malam, shekararta huɗu fa, ta tsufa. Da can takwas-takwas take zubo maka, ko sannu ba ka taɓa ce mata ba."

"Dabbar zan yi wa sannu? Yau ɗin nan za ta koma wa namiji. In ba ta iya yawa ba, ta iya sauri."

"Kwana uku da haihuwa?"

"Ke aka tambaya?"

Ta ɗora hannu a kan takardar asibiti da ke soke a bakin zanenta. Likita ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: wani cikin zai iya tafiya da ita. Akwai aikin da za a yi a tsayar da haihuwar, amma sai maigida ya sa hannu. Mako guda tana yawo da takardar nan tana jiran ranar da fuskarsa za ta saki, ga shi gobe ce ranar komawa asibiti.

* * *

Da ta ga jira ba zai kai ta ko'ina ba, sai ta miƙe ta miƙa masa takardar. Ya karanta yana motsa baki, sannan ya dube ta sama da ƙasa.

"Ki fito fili ki ce kin gaji da aure."

"Tsoro nake ji, Malam. Wallahi mutuwa nake tsoro. Wa zai riƙe maka yara takwas?"

"Likitar ce ke raba kwana? Uwata goma sha biyu ta haifa, ba ta taɓa kawo wa ubana takarda ba."

"A ta sha biyun ta rasu. Kai ka gaya mini."

Maganar ta same shi a inda ba ya so. Ya dunƙule takardar ya tura a aljihu, ya juya kan kejin a fusace. Ya kai hannu zai damƙo zomanyar, ta noƙe bayan akwati, ta yakushe shi har jini ya fito.

Duk mai kiwon zomo ya san mace ake ɗauka a kai wa namiji, ba a kawo mata shi gidanta, balle tana da jarirai. Shi da kansa yake koya wa maƙwabta haka, yana hura hanci. Amma yau zuciya ta rufe masa ido. Ya finciko ƙaton namijin ta kunnuwa, ya jefa shi cikin kejinta, ya danna sakata.

Kejin ya ɗauki girgiza. Tsohuwar zomanyar ta yi kan baƙon da haƙori da farce, gashi na tashi ta ragar waya. Akwatin ya kife.

"Malam, 'ya'yan! Buɗe!"

Kafin ya zare sakatar an gama tattake su.

* * *

Ya fitar da namijin, kunne a tsage. Ya tsaya yana waige-waigen abin da zai kwashe gawarwakin da shi, don ƙyanƙyami gare shi. Hannunsa ya faɗa aljihu. Ya warware takardar, ya naɗe su a ciki, ya miƙo mata ko kallonta bai yi ba.

"Ungo, kai shara. Jibi sai a sake gwada ta."

Ta karɓa da hannu biyu. Ɗuminsu bai gama fita ba. A bakin kwandon shara ta buɗe gefen takardar: jini ya ratso daidai layin da aka bar wa maigida.

Can cikin keji zomanyar na tura hanci ƙarƙashin akwatin da ya kife, nono na ɗiga daga cikinta.